Sallamar Tsakar Dare

A unguwar Mabera ta Sakkwato, wani malami ya adana kundin bincikensa da hotunan iyalinsa cikin tsohuwar kwamfuta mai Linux, wadda ba ya kashewa. Ranar da ya buɗe rajistar ayyukanta, gabansa ya faɗi: kullum da tsakar dare wata manhaja tana tsayawa, ta sake tashi. Ya zaci zafin Afrilu, mai haura digiri 40, ya fara cin na'urar.

Ashe logrotate ne ke naɗe tsohuwar rajista, ya buɗe sabuwa. Manhajar da aka tsayar bisa ƙa'ida takan rubuta sallama kafin ta tafi; in kuwa wuta ce ta ɗauke, rubutun kan yanke ba sallama. Tun daga ranar, irin wannan giɓi yake nema, domin nan ne bayanai kan lalace.