Kwana Uku a Ƙasar Kance da Masu Rubuta Sunayen Yara

Mun bar Damagaram bayan sallar asuba, hunturu na kaɗawa, hazo ya rufe gari. Muka yi yamma har Takeita, daga nan muka karya kudu bisa hanyar da ke bi ta Matameye ta gangara Ɗan Barto, bakin iyakar Nijeriya. Abin da ya fara ɗauke mini ido shi ne gawo. Gonaki sun bushe, kara ya kwanta, amma gawo ya yi kore shar, don shi da rani yake ganye. A wannan yanki na Matameye da Magarya da Mirya manoma suka daina sare tohon da ke fitowa a gona, suka riƙa renonsa, har ƙasar ta cika da itace. Kafin rana ta yi zafi mun shiga Kance, mun wuce ta gaban fadar sarki, mun sauka.

Ɗiyar yayata ce ta jawo ni tafiyar. Tana cikin wasu samari da 'yan mata da aka ɗauka aikin zagaya gidaje, suna tambayar iyaye mata game da lafiyar ƙananan yara. Na daɗe ina jin ana cewa "bincike ya nuna", na so in ga da idona wa ake tambaya kafin binciken ya nuna, kuma wa ake tsallakewa.

A ƙauyen farko sai da muka zauna zauren maigari tukuna. Aka yi gaisuwa, aka kawo fura. Shugaban ayarin ya ce, "Ranka ya daɗe, ba kowane gida za mu shiga ba, ƙuri'a ce za ta zaɓa." Maigari ya yi shiru jim kaɗan, ya tambaya ko akwai maganin da za a bai wa yara. Aka ce babu, tambayoyi ne da awon dantse kawai. Na fahimci dalilin tambayarsa. Kano ba ta da nisa da nan, kuma ƙasar Hausa ba ta manta da 1996 ba, shekarar sanƙarau, lokacin da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a can, cikin gwajin da ya haɗa yara wajen 200, maganar da ta kai kotu har aka yi sulhu da gwamnatin Kano a 2009. Duk mai zuwa da takarda da biro yana neman sunayen yara, da wannan tarihi yake shiga zaure, ko ya sani ko bai sani ba.

Aikin kansa kamar tankaɗe yake. Kowane ma'aikaci na riƙe da kwamfutar hannu. Ana shigar da mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, na'urar na rarraba su da kanta: yaron da ke tsakanin wata 6 da wata 59 ya faɗa rukuni guda, mai ciki ta faɗa wani, mai shayarwa wani. Tambayoyin da za su fito sun danganta da rukunin da mutum ya faɗa. Ɗiyata ta ce mini, "Kawu, rukunin ba ya tsayawa. Mai cikin da na rubuta yau, in na dawo bayan wata uku ta koma cikin masu goyo, jaririnta kuma ya kama hanyar shiga layi."

Wahalar duk tana wajen shekaru. Yara da yawa ba su da takardar haihuwa, don haka ma'aikatan na tafe da jerin abubuwan da gari ya shaida, wata bayan wata. "Inna, da kika haife shi an yi sallar layya ko da saura?" "Gero ya fitar da kai?" "An fara saran rake a fadama?" Uwa ta lissafa da yatsu, kishiya ta gyara mata, kaka ta yanke magana. Na zauna bisa turmi ina sauraro, na ga yadda ƙwaƙwalwar tsohuwa guda ke yanke ko yaro zai shiga lissafin ƙasa ko a'a.

A gida na huɗu ne abin ya taɓa ni. Wata mata ta kawo 'ya'yanta biyu. Aka auna dantsen ƙaramin da zaren nan mai kore da ɗorawa da ja, aka rubuta. Babban kuwa lissafi ya nuna ya haura shekara 5 da 'yan watanni, na'urar ta ƙi buɗe masa shafi. Alhali shi ne ramamme, kwantsa cike da idonsa, ƙudaje na binsa. Uwar ta ce, "Ɗiyar nan, ai wannan ne marar lafiyar, kin bar jaki kina dukan taiki." Ɗiyata ta ajiye na'urar, ta yi mata bayani a tsanake cewa iyakar shekarun ba hukunci ba ce a kan ɗanta, sannan ta kwatanta mata ranar da za ta kai shi likita. Babu wanda ya rubuta mata wannan cikin aikinta. A ganina kamata ya yi a rubuta.

Idon yaron nan ya tuna mini da cewa ƙasar Matameye ba baƙuwar irin wannan tacewa ba ce. Daga 2010 zuwa 2013 an yi wani babban gwaji a nan kan amodari, ciwon da ke sa gashin ido ya juya ciki yana gogar ƙwayar ido har mutum ya makance. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya ga tsofaffin mata da matsefata suna tuge gashin. Gwajin, mai suna PRET, hukumar kula da lafiyar ido ta Nijar ce ta gudanar da shi ƙarƙashin Farfesa Abdu Amza, tare da masanan Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko, da kuɗin gidauniyar Bill da Melinda Gates. An tace garuruwa tukuna: sai mai mutum 250 zuwa 600, kuma wanda ciwon ya kama aƙalla yaro 1 cikin 10. Aka samu 48, ƙuri'a ta raba su gida huɗu, 12 kowanne. A rabinsu kowa da kowa ke shan maganin azithromycin sau ɗaya a shekara. A ɗaya rabin yara 'yan shekara 12 zuwa ƙasa kaɗai ake bai wa, amma sau biyu a shekara. Ana sabunta ƙidaya, ana sake zaɓen ƙananan yaran da za a shafi cikin fatar idonsu da auduga a kai awo, don ƙaramin yaron farkon aikin kan zama ɗan tallar gyaɗa kafin ƙarshensa. Sakamakon da aka buga a 2017 ya nuna cewa bai wa yara kaɗai sau biyu bai gaza bai wa gari duka sau ɗaya ba. Ƙwayar cutar da ke jikin kusan yaro 1 cikin 5 da farko ta ragu ƙwarai a ɓangarorin biyu.

Wannan ilimi ne da likitocin duniya ke karantawa, kuma daga idanun 'ya'yan talakawan nan aka samo shi. Da yamma na kawo zancen a majalisar dattawa, ƙarƙashin wata bishiyar dogon yaro. Wasu sun tuna da masu zuwa da sanda mai zane suna auna tsayin yaro kafin su ba shi magani. Da na faɗi abin da aka gano, wani dattijo ya gyara zama ya ce, "Malam, ashe amfanin da ya yi ke nan?" Ya ji daɗi, ni kuwa raina ya sosu da sai a bakin baƙo mai wucewa ya ji.

Rana ta biyu muka yi ta cin karo da gidajen da sunayensu ke cikin na'ura amma ɗakunan a rufe. Maza sun tafi cin rani Kano. Mata kuma, aka ce da murya ƙasa-ƙasa, sun yi arewa da yara. Kowa a Kance ya san ma'anar arewa. A watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawa 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace, ƙishirwa ta kashe su. Yawancinsu mata ne da yara, kuma akasarinsu daga wannan ƙasa suka fito. Na'ura na da gurbi mai cewa "ba ya nan", ta zaɓo gida na gaba, aiki ya ci gaba. Amma wanda yunwa ta kora shi ne ya fi cancanta a ji ta bakinsa, kuma shi ne rariyar ke zubarwa. In rahoto ya ce ga halin yaran Kance, halin waɗanda aka tarar ne.

Rana ta uku na leƙa Matameye, na sayi ƙunshin rake, na samu motar Damagaram. Ɗiyata ta rako ni tasha, da sauran ƙauyuka a gabanta.

Ba na ƙin tacewa. Ba a iya tambayar kowa, kuma ƙuri'a ta fi son ran ma'aikaci adalci. Roƙona ga masu tsara waɗannan ayyuka, na gwamnati da na ƙungiyoyi da na jami'o'i, shi ne su gaya wa wanda aka bari dalilin barinsa, su nuna masa inda zai kai marar lafiyarsa, su rubuta adadin waɗanda ba a tarar ba da inda suka tafi. In kuma aiki ya ƙare, a ware kuɗin mai na mota guda, a koma zauren da aka nemi izini, a faɗa wa mutane da Hausa abin da aka gano.