Muryoyi uku da rabi a kan Kinder Scout

Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, yana da wata rediyo mai rigar fata da ba ya yarda kowa ya taɓa. Da asuba zai zaro eriyarta, ya yi ta murza ta a hankali tsakanin mita 41 da mita 49 har muryar Landan ta fito daga cikin shuuu. A gidanmu, kamar sauran gidajen Hausawa, rediyo abar saurare ce. Ban taɓa zaton mutum zai iya mayar mata da magana ba sai da karatu ya kai ni birnin Sheffield na Ingila.

A can na haɗu da wani dattijo, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, wanda ya kai ni ƙungiyarsu ta masu rediyon sha'awa. Mutane ne da hukuma ke ba lasisi bayan jarrabawa, kowa da lambar kiransa, suna zantawa da juna ta iska ba tare da kamfanin waya a tsakani ba. Na yi jarrabawar matakin farko, wadda a lokacin ta ba ni izinin ƙarfin wat 10 kacal. Dattijon, wanda na laƙaba wa Baba har sunan ya bi shi a ƙungiyar, yana cikin masu wani shiri da ake kira SOTA, wanda aka fara a Ingila da Wales a 2002. Ƙa'idarsa ba ta da yawa. Ka ɗauki kayanka a baya ka hau dutse, ba mota, ba wutar gida, sai batir. Ka tsaya a wurin da bai gaza ƙololuwa da fiye da mita 25 ba, ka yi magana da tashoshi huɗu daban-daban, kowa ya faɗa wa ɗan'uwansa yadda yake jin sa. In sun cika huɗu ka sami maki. In uku ne, ka sha iska.

Ranar da nake son ba da labarinta tana cikin Oktoban 2021. Masu karatu za su tuna cewa tun farkon Satumbar shekarar aka rufe layukan waya a Zamfara saboda 'yan bindiga, aka hana cin kasuwannin mako, daga baya rufewar ta shafi wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. Mahaifiyata tana ɗaya daga cikin garuruwan da abin ya shafa. Mako biyar ke nan ban ji muryarta ba. Kullum sai na kira, kullum amsa ɗaya. Da Baba ya ce mu je Kinder Scout ranar Asabar, na amsa ne don kawai in bar ɗakina.

Mun sauka daga jirgin ƙasa a ƙauyen Edale ana yayyafi. Kinder Scout tsayinsa mita 636 ne, wanda mutumin Jos zai yi wa dariya, amma samansa fili ne shimfiɗaɗɗe na baƙin taɓo mai haɗiye ƙafa, babu bishiya ko ɗaya, kuma idan hazo ya sauka gabas da yamma duk ɗaya suke. Muka bi matattakalar duwatsun da suke kira Tsanin Yakubu. Kafin mu kai sama yayyafin ya koma ruwa mai zuwa a kwance, iska na watsa mana shi a fuska.

Kayan aikin ba su da wani kwarjini. Rediyo ce ƙirar Yaesu mai wat 5, girmanta bai wuce littafi mai kauri ba, sai doguwar sandar kamun kifi da ake zarowa gaɓa-gaɓa, da siririyar waya mai kimanin mita 20 da ake ɗaure tsakiyarta a kan sandar, a ja bakunanta biyu a kafe a ƙasa. Sau biyu iska na kayar da sandar. Yatsuna suka ƙi ɗaura igiya, sai da haƙora na taimaka. Baba ya sa batirin cikin rigarsa, domin sanyi yana rage masa ƙarfi, ya miƙo mini fensir, domin biro ba ya rubutu a jiƙaƙƙiyar takarda. Muka shige wata jakar leda mai kama da tanti, muka zauna a kan bakinta gwiwa da gwiwa.

Na yi kira a mita 40. Sirrin gajeren zango shi ne akwai wani sashe na sararin sama, ɗaruruwan kilomita daga ƙasa, wanda hasken rana ke cajawa, shi ke karyo igiyar rediyo ya dawo da ita ƙasa a wuri mai nisa. Ta wannan hanya Landan ke isa zauren mahaifina. Yanzu ga ni ina jefa tawa muryar ta hanyar. A kira na uku wani ya amsa daga Sikotlan, tas kamar yana bayan ledar. Sai wata mata daga Holan. Sai wani Bajamushe da ya maimaita lambata sau biyu ya ce yana ji na da kyau, ya tambayi yanayin wurinmu, da na faɗa masa ya yi dariya ya ce mu kula. Ban san lokacin da idona ya cika ba. Da wutar da ba ta kai ta ƙaramin ƙwan fitila ba na isa Jamus, ga kuma waya mai tsada a aljihuna ta kasa kai ni ɗakin uwata.

Saura ɗaya. A nan ne rediyon ta fara wani irin ƙara, tas-tas-tas, kamar ana soya gyaɗa, ruwan kuma ya koma ƙanƙara. Baba ya ce, "Mu sauke." Na ce ya ba ni minti biyu, domin akwai wata murya can ƙasa-ƙasa da na kama rabin lambarta. Ya sake cewa mu sauke. Na yi kamar ban ji ba, na ci gaba da roƙon mai muryar ya maimaita. Da na kai hannu in gyara mahaɗin eriya, wani abu ya sare ni a yatsa kamar kunama. Ƙanƙara da gajimaren hadari suna tara caji a jikin waya, kuma mutumin da ya kafa sanda mai tsawo a kan fili mafi tudu ya gayyaci aradu da kansa. Na san wannan, yana cikin jarrabawar da na ci. Baba bai ƙara magana ba. Ya fita cikin ƙanƙarar, ya tuge sandar ya kwantar da ita. Muna naɗe waya muka ji rugugin farko.

Abin da ya fi damuna har yau ya faru ne a hanyar sauka. Mutumin da ya haura shekara saba'in ya jiƙe sharkaf saboda taurin kaina. Ya fara karkarwa, maganarsa ta fara sarƙewa, ya taka dutse ɗaya sau biyu bai daidaita ba. Waɗannan alamun sanyi ne da ya fara cin jiki, kuma yana kisa. Na zaunar da shi a bayan wani dutse, na ba shi sauran shayin da ke fulas da dabinon da ke jakata, na cire rigar samana na ɗora masa, na haɗa jakarsa da tawa. Tsanin Yakubu da muka hau cikin raha, sai da muka sauke shi taki ɗaya-ɗaya, hannunsa a kafaɗata. Na ba shi haƙuri ya fi sau biyar. Abin da ya ce kawai shi ne ya gane tun a sama cewa ba maki nake nema ba.

Daga baya wani a ƙungiyar ya tambaye ni me ya sa mutanenmu ba sa irin wannan, tunda Najeriya ma tana da nata lambobin kira masu farawa da 5N. Na rasa ta inda zan fara. Wanda aka gani a kan dutse a Zamfara da eriya da abin magana a wancan lokaci, ko jami'an tsaro ko mutanen daji, wani zai riga wani kai wa gare shi.

Kwana tara bayan haka ƙanena ya yi tafiya har Kano don kawai ya kira ni. Ya ce Inna lafiya lau, ta ce in riƙa sa rigar sanyi. Takardar ranar tana nan cikin littafina, ta bushe ta cukurkuɗe: layi uku cikakku da fensir, na huɗu haruffa biyu da lamba ɗaya.