Daga Fadama Zuwa Kantin Kwari

Yau ku yafa gyale ku raka ni Kantin Kwari, kasuwar tufafi da ke Fagge. Ran nan na kai gwaggona can, ta zo daga wajen Kura sayen kayan auren 'yarta. Kun san wurin: atamfa da shadda da leshi jibge har rufi, 'yan dako na ta "a ba da hanya," ga baƙi daga Nijar da Chadi da Kamaru.

Gwaggo ta taya turmi shida, amma huɗu ta biya. Da na tambaye ta dalili, sai ta ce ruwa ya kwanta a gonar shinkafarsu, rabi aka samu. Nan na gane ashe zanen da ke kanti saiwarsa tana fadama. In shinkafa ta yi kyau, a haɗa lefe, a yi biki da kaka. In ta ƙi, a ɗaga aure, ɗan kasuwa kuma ya wuni yana hamma.

Manoma ba su karanta sauyin yanayi a littafi ba, a gona suka gan shi. Dattawa na tuna farin 1973 da na 1984. Yanzu kuwa kukansu biyu ne: ruwa ya sauko a yi shuka, sa'an nan ya ɗauke har tsiro ya ƙone, ko kuwa marka ta zo da ruwan mako guda a dare ɗaya. Masana sun ce hayaƙin fetur da kwal ke ɗumama duniya, iska mai zafi kuwa ta fi ɗaukar laima, shi ya sa in ta sake shi sai ya zo da yawa. A 2022 ambaliya ta cinye gonaki a ƙasar Haɗeja. A daminar 2022 ɗin kuma ruwa ya shiga Kantin Kwari kanta, ya jiƙa diloli.

Amma manomi bai naɗe hannu ba. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, mutanen Kura da Kadawa da Bunkure suka kama noman rani, ba su dogara ga damina kaɗai ba. Da yawa sun koma iri mai saurin nuna, kamar Faro 44, wanda ke isa yanka cikin wata huɗu. A 2017 an fito da Faro 66 da Faro 67 masu jure kwanciyar ruwa. Wadansu sukan yi renon iri a tudu, su dasa in ruwa ya zauna. Wadansu kuma, da fetur ya yi tsada a 2023, sun koma injin ban ruwa mai aiki da hasken rana.

To, mu fa? Uwargida, hukumar NiMet takan faɗi hasashen damina kowace shekara. Ki kasa kunne ga rediyo, ki gaya wa maigida. Buhun shanshera a ɗora shi bisa katako, kada ya kwana a ƙasa. Kada a sayar da ita duka ranar casa domin turmin zane. Zane yana jira, yunwa ba ta jira. Ke kuma 'yar makaranta, ki hana ƙannenki zuba shara a kwalbati, domin ita ke toshe hanyar ruwa har ya shiga ɗaki.

Gwaggo ta koma da turmi huɗu, ta ce sauran biyun sai an yanke ta rani. Allah ya kai mu, ya ba mu damina mai albarka, amin.