Inji Mai Dangi

Mai karatu, idan kana zaune a Kano kana fifita da mafici, na san za ka yi dariya in na ce maka na taɓa yin kwana uku ban yi barcin kirki ba saboda tunanin injin kwashe dusar ƙanƙara. Amma duk wanda ya taɓa yin hunturu a birnin Miniyafolis na jihar Minisota a Amurka ya san ba abin dariya ba ne. A nan doka ce, da zarar ƙanƙara ta daina zuba, maigida yana da awa 24 ya share hanyar masu tafiya a ƙasa da ke ƙofar gidansa, in ba haka ba hukuma ta sa a share, ta aiko masa da takardar biyan kuɗi.

Hunturu biyu na yi ina fama da shebur. Maiɗakina ma'aikaciyar jinya ce, ƙarfe shida take fita, motar share titi kuma kullum sai ta tara mana tudun ƙanƙara a mafitar mota. Wata asuba bayana ya riƙe, da rarrafe na koma ɗaki. Ta dube ni ta ce, "Baban Ummi, kuɗin asibiti fa ya fi kuɗin inji." Ban yi musu ba. Sai dai sabo mai ƙarfi ya haura dala 1,000, ga shi muna tara kuɗin rufin ɗakin Hajiyata a gida. Dole na nemi na hannu.

Guda biyu na samu. Na farko shekararsa biyu, yana ta ƙyalli, dala 250, amma sunan da ke jikinsa ban taɓa jin sa ba. Na biyu tsohon Ariens ne mai faɗin inci 24, ya haura shekara ashirin, fenti duk ya koɗe, dattijon da ke da shi kuma ya kafe a kan dala 350. Gaskiya zuciyata tana kan mai ƙyalli.

A daren nan na tuna da Kawuna, Allah ya jiƙan sa, wanda ya yi rayuwarsa yana sayar da kayan gyaran mota a Kofar Ruwa. Idan mutum ya zo yana yabon wata baƙuwar mota da ya samu da araha, sai Kawu ya ce, "Alhaji, tana da dangi kuwa?" A wurinsa abin da ya sa Fijo 504 ta yi sarauta shi ne a Kaduna ake haɗa ta, kowane bakanike ya san cikinta, kayanta kuma har a ƙauye akwai. Motar da ba ta da dangi, in ji shi, ranar da ta kwanta ta kwanta ke nan.

Washegari na kwafo lambar samfurin kowane inji daga ɗan allon da ke bayansa, na nufi shagon masu gyaran ƙananan injuna. Mai shagon ya duba ta farko a kwamfuta, ya girgiza kai. Da na ba shi ta biyu, ko dubawa bai yi ba, ya nuna mini kanta: ga bel, ga faifan roba mai tura tayoyi, ga ƙusoshin kariya. Ya ce kamfanin Tecumseh da ya ƙera injin da ke kansa ya daina ƙera injuna tun 2008, amma saboda yawan waɗanda ya sayar, kayansu ba su yanke ba.

Shi ne ya koya mini abin dubawa. A tada injin yana sanyi, ba wanda aka riga aka ɗumama maka ba. Sannan a kashe, a zare ƙusoshin kariya, a juya haƙoran gaba da hannu. An yi ƙusoshin ne don su karye idan haƙora suka ci karo da dutse, su ceci akwatin giya mai tsada. In tsatsa ta manne haƙoran da sandarsu, ƙusar ba ta da amfani, giyar ce za ta fashe.

Na koma wurin dattijon na yi duk wannan. Haƙora sun juya lafiya, sai dai injin yana shessheƙa saboda tsohon fetur da aka bari ya kwana a kafireta, bel kuma ya tsattsage. Na lissafa masa kuɗin gyara, muka daidaita a 280. Kaya suka ci 70. Ka ga na biya fiye da kuɗin mai ƙyalli da dala 100, kuma sai da hakan ya ɗan tsaya mini a rai.

A watan Janairu, ƙarfe biyar na asuba, injin ya haɗiyi wata daskararriyar jarida da ke binne, ƙusa ta karye. Na ciro wata daga aljihu, minti biyar na ɗaura, Maman Ummi ta fita a kan lokaci. Ina tsaye cikin sanyin nan na yi wa Kawu addu'a. Ɗakin Hajiya kuwa, alhamdu lillahi, an rufe shi kafin damina.