Notin da Ya Cije

A Kalakla, kudancin Khartoum kusa da Farin Nilu, fiyanon lantarki ne ƙashin bayan kiɗan biki. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya sa dubban iyalai barin gidajensu, kayan kiɗa da yawa suka kwanta cikin ƙura da danshin damina. Mai son ya buɗe nasa yanzu yakan fara cin karo da noti guda da tsatsa ta kama.

Ina yawan tunanin haƙurin da wannan ƙaramin aiki yake nema. Kayan Yamaha da Korg da Roland na Japan ne, kuma kan notinsu yakan ɗan bambanta da gicciyen da aka saba. Sukudireban da bai zauna daidai ba sai ya zame, ya cinye kan. Gwanin mai gyara yakan ɗiga mai kaɗan, ya jira. Ya shimfiɗa siririyar roba a kan notin, ya danna sosai, ya juya a hankali. In ya ƙi, ya kama shi da filaya, ko ya yanka masa sabon tsagi. Hudawa da injin ita ce ta ƙarshe, domin ɓurɓushin ƙarfe na iya ƙona allon lantarkin ciki.

Abin da ya ji jiki ba ya son ƙarfi. Ina ganin haka unguwar da ta sha wuya take buƙata daga masu gyara ta: hannu mai sanyi, da lokaci.