'Yar Motar da na ke Tsere da Ita a Agege

Edita ya roƙe mu, mu 'yan ajin ƙarshe, kowa ya rubuto abin da ya ke yi da hannunsa in an yi hutu. Na san waɗansu za su rubuto noma, waɗansu ɗinki, waɗansu kiwon tantabaru, duka kuwa abubuwa ne da ba mai jin kunyar faɗinsu. Nawa dabam ne. Ni dai tseren 'yan motoci na ke yi, irin waɗanda a ke tuƙawa daga nesa da rimot, masu manyan tayoyi, waɗanda aka ƙera don bin jar ƙasa da rairayi da kwazazzabo. Na san wani zai yi murmushi ya ce, ashe wasan yara ne. To, ɗan'uwa, ka yi haƙuri ka karanta har ƙarshe, sa'an nan ka yanke hukunci.

Gidanmu a Agege ya ke, cikin Ikko, nan Zango inda Hausawa su ka fi yawa. Goro ya kawo kakanninmu can. Da hanyar jirgin ƙasa ta tashi daga Ikko ta ratsa Agege ta kai Badun a 1901, ta kuma kai Kano a 1911, sai fatake su ka ga ba sauran bin turba da jakuna, su ka zauna kusa da tasha suna sayen goro suna ɗaurewa suna aikawa Arewa. Mu jikokinsu a nan mu ka tashi, muna jin Hausa a gida, Yarbanci a kasuwa. Yaron Arewa ya kan fara da motar kara. Mu ba mu da karan dawa, saboda haka da waya mu ke yin tamu, mu yanko taya daga tsohon silifa, mu yi bodi da gwangwanin madara, mu ɗaura mata dogon sitiyari mu riƙa binta a guje cikin lungu. Daga nan son mota ya shige ni, bai kuwa fita ba.

Dole in fara rarrabe muku abu biyu, gama a nan mutane ke ruɗewa. Akwai motar rimot da a ke tallarta a bakin titi lokacin Salla, mai walƙiya da jiniya. Wannan a liƙe ta ke, ba a buɗe ta, ran da ta tsaya kuwa sai juji. Ba ita na ke nufi ba. Wadda na ke nufi kowane sashe nata da noti a ke ɗaure shi, ana kwance shi, ana sayen madadinsa. Tana da giya, da boris, da sifirin, da shakazoba guda huɗu masu mai a ciki, kamar dai babbar mota. Girmanta kashi ɗaya cikin goma ne na motar gaske, watau in babbar ta kai mita 4, ita santimita 40. Tawa ta hannu ce, irin kayan da Yarbawa ke kira tokumbo, na saye ta ba ta motsi, na yi wata biyu kafin ta tashi. In batir ya cika ta kan yi wajen kilomita 40 a awa guda.

Abin ba sabo ba ne a duniya. Tun a 1898 wani masani, Nikola Tesla, ya nuna wa mutanen Amurka ɗan jirgin ruwa da ya ke juyawa daga nesa ba tare da waya ba. Amma motocin daji irin tawa daga Jafan su ka yaɗu. A 1979 kamfanin Tamiya ya fito da wata mai suna Rough Rider, da wata Sand Scorcher, ita ta biyun kuwa siffar Volkswagen gare ta, wannan mota mai doro da Yarbawa ke kira ijapa, watau kunkuru, wadda aka fara harhaɗawa a Ikko a 1975. A 1984 kamfanin ya sake fito da Grasshopper mai sauƙin kuɗi, a shekarar ne kuma wani kamfanin Amurka, Team Associated, ya yi RC10 musamman don tsere. Da 1985 ta zo sai ga shi ana gasar duniya ta irin waɗannan motoci a Kalifoniya, manyan mutane masu iyali suna ta fama. Na faɗi wannan ne don a san ba mu kaɗai ne masu wannan tabi'a ba.

Mu bakwai ne masu yi a wajenmu, Hausawa uku, Yarbawa uku, da wani Ibo mai sayar da kayan lantarki. Ran Lahadi bayan la'asar mu kan taru a wani fili na jar ƙasa a bayan wata makaranta wajen Oko-Oba. Mu shata hanya da tsofaffin tayoyi, mu kafa katako biyu a kan bulo don tsalle, mu bar wani rami da ruwa ya haƙa yadda ya ke, don shi ne ke rarrabe gwani da ɗan koyo. Tsere ɗaya minti 5 ne, wanda ya fi yawan kewayo shi ya ci. In mota ta kife ba ka da ikon barin wurinka, sai yaron da aka tsayar a kwana ya ruga ya birkito ta, kai kuwa kana tsaye kana kallon abokanka suna wuce ka. Saboda haka mai gaggawa ba ya cin tsere. Wanda ya fi cinye mu wani tela ne, motarsa ita ce mafi rashin gudu cikin bakwai ɗin, amma ban taɓa ganin ta kife ba. Yana sassauta wuta tun kafin ya shiga kwana, ba ya sake ta sai hancin motar ya miƙe.

Tuƙin kansa akwai wani abu a cikinsa da ke ruɗa baƙo. In motar ta ba ka baya, damanka ita ce damarta. In ta juyo tana fuskantarka, sai abin ya birkice, ka karkata dama ta nufi hagunka. Sai mutum ya koyi mai da kansa kamar yana zaune cikinta kafin hannunsa ya daidaita. Dattawan wasan sun ce dā rimot ɗin da zangon rediyo na megahaz 27 ya ke aiki, in mutum biyu su ka yi karo a zango ɗaya sai wannan ya riƙa tuƙa motar wancan. Na yanzu na gigahaz 2.4 ne, kowace mota ta san rimot ɗinta, ko mu goma ne ba a cakuɗewa.

Amma fa gaskiyar magana, tseren shi ne ƙaramin aikin. Minti biyar a fili ya kan jawo awa biyu a kan tabarma, da sukundireba da filaya da tsohon buroshin haƙori. Wanda ba ya son wannan zama kada ma ya fara. Ƙasar Ikko ba ta jin tausayin ƙarfe. Da damina, tun daga watan Afrilu har Yuli, jar laka ce mai danƙo, ta shiga boris ta bushe a ciki. In ka kwana biyu ba ka wanke shi da kananzir ka ɗiga masa mai ba, sai ka tarar ya yi tsatsa ya cije, don iskar garin a jiƙe ta ke kullum. Da hunturu kuma ƙura ce, ta gauraya da giris ta zama kamar dutsen wasa wuƙa, tana cin haƙoran giya a hankali. Don haka giyar da ke a fili ba a lafta mata giris, wadda ke rufe cikin akwati ita a ke cikawa.

Shakazoba ita ce ta fi ba ni sha'awa. 'Yar kwalba ce kamar yatsa, cike da mai, da wani faifai mai ƙananan huji yana hawa da sauka a ciki. Sifirin shi ke ɗaukar nauyin mota, man kuwa shi ke hana ta yin ta tsalle kamar kwaɗo bayan ta dira. In man ya cika ruwa-ruwa, gindin mota ya riƙa dukan ƙasa. In ya cika kauri, tayar ba ta saurin bin ramuka, sai motar ta riƙa zamewa. Wani daga cikinmu ya gwada man keken ɗinki, ya ga kamar bai zuba kome ba. Man silikon a ke so, don zafin rana ba ya sauya kaurinsa da yawa. Ban gane abin da ke faruwa a ƙarƙashin motar haya ba, in ta faɗa rami ta yi ta lilo, sai da na buɗe wannan 'yar kwalba da hannuna.

Batir kuwa abin tsoro ne, ina so wanda zai shiga wasan ya ji wannan da kyau. Irin na yanzu, da a ke kira LiPo, ɗan'uwan batirin wayar hannu ne. Nawa gida biyu gare shi, kowane gida bolt 3.7, jimla 7.4. Ba a cika gida ya wuce 4.2, ba a kuma tsotse shi ya faɗi ƙasa da 3. In an wuce haddi, ko wani abu ya huda shi, sai ya kumbura, yana ma iya kamawa da wuta. Gidajen hayarmu kuwa ɗaki na kallon ɗaki, wutar ɗaki ɗaya ta gida duka ce. Ni cikin tukunyar ƙasa na ke cajin nawa, da yashi a gindinta, a tsakar gida, ina zaune kusa. Wanda ya kumbura ba a lallashinsa, an gama da shi.

Sai maganar kayan gyara, nan ne aljihu ke kuka. Yawancinsu daga Sin a ke aiko su, a jira makonni, tun kuwa da darajar naira ta faɗi a 2023 kuɗinsu ya hau ƙwarai. Rashi ya koya mana dabara. Hannun da ke riƙe da tayar gaba, wanda ya fi kowane sashe karyewa, mu kan zana shi a kan roba mai kauri mu yanke da zarto mu goge. Wayar da ta tsinke a cikin na'ura mu kai wa masu gyaran wayar hannu a Computer Village ta Ikeja, waɗannan samari kuwa suna liƙa dalma a wurin da idona ma ba ya gani. Wani maƙeri a unguwarmu ya taɓa fiƙe mini sandar taya daga ƙusa mai inci 6, har yau tana aiki.

Baffana, wanda ya riƙe ni, mai sayar da goro ne, bai taɓa yarda da wannan abu ba. Ya kan ce, "Kai ɗan nan, gobe za a ce da kai Malam, kana bin motar roba a guje? Kuɗin nan da ka tara ai da ka sayi tunkiya." Ni kan ce, "Allah ya ba ka haƙuri, Baffa, karatu ne." Shi kuma ya ce karatun da a ke yi a tsugune cikin ƙura bai san shi ba. Har yanzu ra'ayinsa bai sauya ba, ko da ya ke fankarsa da tocilansa da rediyonsa, duk wanda ya lalace ɗakina a ke aiko shi. A kan maganar kuɗi kuwa ba na musu da shi. Wasan da tsada, yaron talaka ba zai iya shi shi kaɗai ba.

Abin da ya sa na ce karatu ne, ga shi. Lokacin da aka tura mu gwajin koyarwa an ba ni aji biyar na firamare, darasin kuwa na gwada lamba da lamba ne, watau kaza bisa kaza. Kwana biyu ina rubutu a allo yara na kallona kamar ina Larabci. Ran na uku na zo da motar, na cire murfin giya, na sa wata yarinya ta ƙidaya haƙoran ƙaramar, ta sami 20, wani yaro ya ƙidaya na babbar, ya sami 80. Na ɗiga alli a haƙori ɗaya na ce su juya su gani. Kafin babbar ta kewayo sau ɗaya ƙaramar ta yi huɗu, ajin kuwa ya ɗauka gaba ɗaya, "Huɗu bisa ɗaya!" Can sai wani yaro daga baya, wanda aka ce mini daƙiƙi ne, ya ɗaga motar ya juya tayar baya ɗaya, ya ga ɗayar tana juyawa baya-baya. Ya ce, "Malam, wannan ta lalace ne?" Na fitar da su waje, na jera yara biyar riƙe da hannun juna, na ce su kewaya bishiya. Na ciki yana taku a hankali, na waje yana gudu. Shi da kansa ya ce, ashe tayar waje ta fi ta ciki tafiya a kwana, dole a sami giyar da za ta bar kowace ta yi gudunta. Ban faɗa masa ba, shi ya gano.

Duk da haka ba na cewa motar rimot ta fi motar kara. Ta wani gefe ma ta kara ce gaba, domin yaron da ya yi ta shi ya zana, shi ya auna, shi ya yanka, ba wanda ya aiko masa da kome daga Sin. Abin da ke damuna shi ne na daina ganinta. A lungunmu na Zango na yi hutu guda cur ban ga yaro ɗaya da motar waya ba, sai dai su taru su biyar a kan wayar yayansu suna tseren mota a cikin gilashi, motar da ba ta da noti ko ɗaya da za a kwance. Waɗannan yara kuwa su ne za a ba mu mu koya musu kimiyya, mu ce musu giya, mu ce musu lantarki, alhali hannunsu bai taɓa riƙe sukundireba ba.

Na zo da motar makaranta wannan zango, tana ƙarƙashin gadona, kuma Malamin aikin hannu ya yarda mu yi amfani da ɗakinsa ran Asabar bayan la'asar. Wanda ke so ya zo, za mu kwance ta ƙaf mu shimfiɗa a kan tebur, kowa ya ɗaura sashe guda, sa'an nan mu fita bayan filin ƙwallo mu gani ko za ta tashi. 'Yan'uwanmu na ƙauye da su ka iya motar kara ina roƙonsu su taho da kara da reza, gama ni ban taɓa yin ta ba, ina kuwa so a koya mini.