Lauyan Haƙƙin Mallaka da Amfaninsa ga Mutanen Zango

Lauyan haƙƙin mallaka shi ne lauyan da ya ƙware wajen kare dukiyar da mutum ya samar da basirarsa: sunan da ya raɗa wa hajarsa, tambarin da ya liƙa a jikinta, injin da ya ƙirƙiro, zanen atamfa, waƙa, littafi ko fim. Irin wannan dukiya ba a kulle ta a shago, kuma wanda ya ɗauke ta bai raba mai ita da komai da ido zai gani ba. Shi ya sa kariyarta ta dogara ga doka da takarda. A unguwannin Kotobabi, Nima da Maamobi na Akra, inda mai gida da yaronsa duk 'yan kasuwa ne ko masu sana'ar hannu, mutane da yawa na da irin wannan dukiya ba tare da sun san tana da doka ba.

A tsarin da Ghana ta saba da shi, mai son zama lauya yakan fara da digirin shari'a a jami'a, kamar ta Legon ko KNUST ta Kumasi, sannan ya wuce makarantar lauyoyi da ke Makola, wadda aka kafa a 1958. Bayan an rantsar da shi, sai ya yi wata shida yana koyon aiki a ƙarƙashin babban lauya kafin ya tsaya da ƙafarsa. Ƙwarewa a haƙƙin mallaka daga baya take zuwa, ta hanyar ƙarin karatu da zama a ofishin da ke irin wannan aiki. Wanda ya taɓa karatun kimiyya ko injiniya yakan fi samun sauƙi a ɓangaren ƙirƙira, domin sai ya fahimci inji kafin ya iya rubuta bayaninsa.

Aikin ya kasu gida-gida, kowanne da dokarsa. Tambarin kasuwanci yana ƙarƙashin doka mai lamba 664 ta 2004, rajistarsa shekara 10 ce, ana sabuntawa. Sabuwar ƙirƙira tana ƙarƙashin doka mai lamba 657 ta 2003, kariyarta shekara 20 daga ranar shigar da takarda, ƙaramar ƙirƙira kuma shekara 7. Zane da siffar kaya suna da doka mai lamba 660 ta 2003, shekara 5 da za a iya sabuntawa har sau biyu. Waɗannan duka a ofishin Registrar General ake rajistarsu. Waƙa, littafi da fim kuwa suna ƙarƙashin doka mai lamba 690 ta 2005, da ofishinsu daban, kuma kariyar waƙa da littafi tana ɗorewa tsawon ran mai su da shekara 70 bayan rasuwarsa.

Tambari shi ne abin da ya fi shafar ɗan Zango. Mai haɗa garin koko ko yaji ko man kaɗanya a leda da roba yakan yi rajistar sunan kasuwancinsa, ya karɓo lambar FDA, sai ya ɗauka ya gama. Takardar farko izinin kasuwanci da suna ce, ta biyu shaidar ingancin abinci ce, babu wadda ta mallaka masa tambari a cikinsu. Idan ya zo gaban lauya, abin da lauyan zai fara yi shi ne bincike a rajista, ko wani ya riga shi. Idan ya samu mai kama da shi, zai ajiye kayan biyu a kan tebur, ya duba launin murfi, salon rubutu da yadda sunan ke fita a baki, ya tambayi kansa ko tsohuwar da ta aiki jikanta kasuwar Nima za ta iya bambance su. Daga nan ya zaɓi rukuni cikin rukunai 45 da duniya ta amince da su, domin wanda ya yi rajistar suna a kan abinci bai kare shi a kan sabulu ba. Sai a buga buƙatar, a ba jama'a wa'adi ko akwai mai ja.

Aikin ƙirƙira ya fi wuya. Sharuɗɗa uku ne: abin ya zama sabo, kada ya zama wanda duk gwani a sana'ar zai iya hangowa, kuma ya yiwu a sarrafa shi a masana'anta. Idan mai walda ya haɗa injin niƙa da ke cin wuta kaɗan, lauya zai zauna da shi ya gano ainihin inda sabon abin yake, ko a haƙoran ne ko a yadda bel ke juyawa. Jimlolin da zai rubuta su ne shingen gonar: in sun yi ƙunci maƙwabci ya yi noma a gefe, in sun yi faɗi ofishi ya ƙi amincewa. Babban haɗari shi ne gaggawar nuna abu a TikTok ko Facebook kafin shigar da takarda, domin a ƙasashen Turai wannan kaɗai ya isa a ce abin ba sabo ba ne.

Akwai kuma maganar iyaka, wadda ta fi damun al'ummar da fatauci ke cikin jininta. Rajistar Akra a Ghana kawai take aiki. A ƙungiyoyin rajista na yanki, Ghana tana cikin ARIPO mai hedikwata a Harare, amma Togo, Burkina Faso, Kodebuwa da Nijar suna cikin OAPI da ke Yawunde, Najeriya kuma tana da nata tsari. Wanda kayansa ke zuwa Lome, Yamai da Kano yana buƙatar rajista a wurare biyu ban da na gida.

A ɓangaren waƙa, Nima da ta fitar da ƙungiyar mawaƙa ta VIP ba baƙuwa ba ce. A nan aikin lauya ya fi yawa a kan yarjejeniya: wa ya mallaki kiɗan, nawa ne rabon furodusa, kuma an shigar da waƙar a GHAMRO mai karɓar kuɗin mawaƙa ko kuwa. A 2023 mawaƙin Ghana Obrafour ya kai mawaƙi Drake ƙara a Amurka yana neman dala miliyan 10 kan yankin waƙarsa Oye Ohene. Kayan gargajiya irin su kente da adinkra kuwa, doka ta damƙa amanarsu ga Shugaban Ƙasa a madadin jama'a.

Shari'a a kotu ita ce mataki na ƙarshe, kuma ita ta fi tsada. Yawancin rigingimu kan mutu ne a wasiƙar gargaɗi ko zaman sulhu, amma wanda ke riƙe da takarda shi ke da bakin magana a zaman. Saboda haka 'yan uwa masu sana'a, ku nemi lauya tun haja ba ta yi suna ba, ku adana rasit da zanen farko, ku rubuta yarjejeniya ko da ɗan uwa ne. Matasan Zango masu karatun shari'a kuma su waiwayi wannan fanni, domin jama'arsu na buƙatar lauyan da zai yi musu bayani da harshen da suke ciniki da shi.